Idan Aka Karɓe Kujera Ba Shiri

Janar Yakubu Gowon yana zauren taron shugabannin Afirka a Kampala ranar 29 ga Yulin 1975 labari ya iske shi cewa sojoji sun kifar da gwamnatinsa a Legas. Shekararsa 9 a kan mulki, shi kuma yana da 40 a duniya. Malam Sanusi Lamido Sanusi yana Yamai wajen taro a Fabrairun 2014 ya ji an dakatar da shi daga shugabancin Babban Bankin Najeriya. A 1975 ɗin nan dai gwamnatin Murtala ta sallami ma'aikata sama da 10,000, wasu a rediyo suka fara jin sunansu. Haka abin yake zuwa. Mutum ya fita da safe ana buɗe masa ƙofar mota, ya dawo da yamma direban ma yana tunanin wa zai koma bi.

Ana yawan cewa ƙarfin zuciya da yarda da ƙaddara ne ke tsayar da mutum a irin wannan rana. Gaskiya ne, amma ba su kaɗai ba. In ka bi labarin waɗanda suka faɗi suka tashi, da waɗanda faɗuwar ta tafi da su, za ka ga abubuwan da suka raba su na fili ne: abin da suka faɗa a makon farko, takardun da ke hannunsu, irin shari'ar da suka zaɓa, da yadda suka yi da kuɗin cefane. Wannan bayani ya shafi kwamishina da babban sakatare da manajan banki da shugabar makaranta, ya kuma shafi maigidan da harkar kasuwa ta tsaya masa cak.

Makon farko

Abu na farko shi ne baki. Ranar da abin ya faru gida zai cika, kuma cikin masu jaje akwai masu zuga: "Ranka ya daɗe, ai wannan zalunci ne, ka fito ka faɗa wa duniya gaskiya." 'Yan jarida za su yi ta kira, yaran da ke yi wa mutum aiki a Facebook za su fara zagin wanda ya cire shi da sunan kare maigida. Duk abin da aka faɗa a wannan mako yana nan a ajiye, kuma lauyan ɗaya ɓangaren zai karanto shi a kotu. Baki shi ke yanka wuya. Gowon ya yi magana a Kampala, gajeriya ce: ya karɓi abin da ya faru, ya nemi a ba sabuwar gwamnati goyon baya. Sanusin nan ma, da ya zama Sarkin Kano aka sauke shi ranar 9 ga Maris 2020, saƙon da ya fitar na karɓar ƙaddara ne da kiran jama'a su zauna lafiya. Ba lallai ne abin da ke ransu ke nan gaba ɗaya ba, amma ba su ba kowa sandar dukansu ba. In dole sai an yi magana, layi uku a rubuce sun isa, lauya ya duba, mutum ɗaya ya fitar. A kira yaran soshiyal midiya a ce musu su yi shiru, a kuma faɗa musu da baki, ba ta hanyar wani ba.

Na biyu, a karanta takardar da aka miƙo, kalma bayan kalma. Mutane da yawa kan karanta layin farko, zuciya ta ɗauke su, su ninke ta su sa a aljihu. Alhali makomar albashi da haƙƙoƙi tana cikin kalmar da aka zaɓa. A dokokin aikin gwamnatin tarayya akwai dakatarwar da ake ci gaba da biyan rabin albashi har a gama bincike, akwai wadda albashin ke tsayawa cak. Ritayar dole daban, kora daban: wanda aka yi wa ritaya yana tafiya da haƙƙoƙinsa, wanda aka kora yakan rasa mafi yawansu, sunansa kuma ya ɓaci a fayil. A kamfanoni kuma takardar ɗaukar aiki ce alƙali. Dokar Ƙwadago da ta tanadi wa'adin sallama, har wata ɗaya ga wanda ya shekara 5 ko fiye, an yi ta ne domin ƙananan ma'aikata, ba ta rufe manajoji ba. Manaja sai ya nemo yarjejeniyar da ya sa wa hannu ranar da ya kama aiki, wadda galibi bai sake kallo ba tun ranar.

Sau da yawa za a ce: "Ka rubuta murabus da kanka, ya fi maka mutunci." Wani lokaci haka ne. Wani lokaci kuma hanya ce ta kuɓuta daga biyan kuɗin sallama da toshe ƙofar ƙara. Kada a rubuta komai a zaune a ofishin wanda ya nema. A roƙi kwana ɗaya ko biyu, a kai wa lauyan da ya san shari'ar aiki, ba ɗan uwan da ya ƙware a rikicin filaye ba. In kuma kweri aka bayar, wato takardar neman bayani kan wani zargi, a amsa cikin wa'adin da aka rubuta, a amsa abin da aka tambaya kawai, a haɗa da kwafin hujja, a tabbata an buga hatimin karɓa a kwafin da za a riƙe.

Na uku, takardar miƙa aiki. Wannan ita ce katangar mutum bayan ya tafi. A rubuta kuɗin da ke kowane asusu a ranar, ayyukan da ke gudana da inda kowanne ya tsaya, basussukan da ake bin ofis, motoci da lambobinsu, kwamfutoci, makullai, fayilolin da ke kan tebur. Mai karɓa ya sa hannu, odita ko wani babban jami'i ya shaida, kowa ya riƙe kwafi. Wanda ya fita cikin fushi bai yi wannan ba, duk abin da ya ɓace a wata shida masu zuwa a kansa za a rubuta. Sai dai a yi hattara da ɗaya gefen: kwashe fayilolin gwamnati zuwa gida laifi ne, akwai Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, kuma yakan zama tuhumar da ta fi sauƙin tabbatarwa in an rasa wata. Abin da mutum ke da haƙƙin riƙewa shi ne nasa: takardun ɗaukar aiki da ƙarin girma, takardun albashi, wasiƙun da aka rubuto masa da amsoshinsa. Don haka mai hankali tun yana kan kujera yake nacewa a rubuto masa umarni. "Oga ya ce a biya" ba ya tsayawa a gaban mai bincike, Ogan ma zai ce bai tuna ba. Hajiya Hadiza Bala Usman da aka dakatar daga shugabancin hukumar tashoshin jiragen ruwa a Mayun 2021 da alƙaluma da wasiƙu ta mayar da martani, kuma a 2023 ta dawo gwamnati a matsayin mai ba shugaban ƙasa shawara.

Akwai kuma fom ɗin bayyana kadarori. Tsarin mulki ya ce a cika shi lokacin kama aiki, duk bayan shekara 4, da lokacin barin aiki. Na ƙarshen ne aka fi mantawa. Da wannan fom aka kai Alƙalin Alƙalan ƙasa Walter Onnoghen ƙasa a farkon 2019, sai a 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi, lokacin da kujerar ta daɗe da zama ta wani.

In takardar gayyata ta zo daga EFCC ko ICPC, a je, a ranar da aka ce, tare da lauya. Gudu ko aika takardar asibiti ta bogi yana mayar da gayyata kamu. Tsarin mulki ya ba mutum damar yin shiru har sai ya ga lauyansa, dokar shari'ar laifuka ta 2015 kuma ta yarda a ɗauki bayaninsa a gaban lauyan. Kafin a tafi a shirya masu tsayawa beli, domin sau da yawa ana neman babban ma'aikacin gwamnati ko mai gida da takardun mallaka a garin, kuma ranar ce mutum zai gane cewa cikin ɗaruruwan da ke gaishe shi, waɗanda za su ajiye takardar gidansu saboda shi ba su cika tafin hannu ba. A tafi da magunguna da tabarau, a bar wa iyali kuɗin mako guda.

Wace shari'a za a yi?

A nan ne manya suka fi asarar shekaru. Abu huɗu ake iya nema a kotu: 'yanci, kuɗi, wanke suna, da ita kanta kujerar. Ukun farko ana samunsu. Na huɗun da wuya ya dawo ta hanyar kotu a lokacin da yake da amfani.

Dubi misalai biyu daga gidan sarauta. Da aka kai Sarki Sanusi Loko, daga nan Awe a jihar Nasarawa, lauyoyinsa ba su nemi a mayar da shi gadon sarauta ba. 'Yancinsa na walwala suka nema, kuma cikin kwana 4 Babbar Kotun Tarayya ta ba da umarnin a sake shi, ya wuce Legas. A 2021 kotun ta ce korar da aka yi masa daga Kano ta saɓa wa tsarin mulki. Komawarsa fada a Mayun 2024 ta hanyar sauyin gwamnati da dokar majalisa ta zo, kuma ita ma ta haifar da nata shari'o'in. Shi kuwa Alhaji Mustapha Jokolo, da aka cire daga sarautar Gwandu a 2005, kujerar ya bi. Ya yi nasara a babbar kotu a 2014, ya sake yi a Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2016, sai a 2025 Kotun Ƙoli ta rushe duka, a kan cewa ba a bi matakin da doka ta tanada na kai koke ga gwamna kafin shigar da ƙara ba. Shekara 20 ke nan. Ba maganar wa ke da gaskiya nake yi ba. Maganar ita ce mataki ɗaya da aka tsallake a watan farko yana iya cinye shari'ar gaba ɗaya.

Ga ma'aikaci, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin rikicin aiki tun gyaran tsarin mulki na 2010, kuma kai ƙara wata kotun ɓata lokaci ne. Lauyoyin gwamnati kan ɗago dokar da ta ce sai cikin wata 3 ake ƙarar jami'in gwamnati. Ko tana aiki a kan rikicin ɗaukar aiki ko ba ta yi, kotuna sun sha bambanta, don haka mai wayo ba ya bari wata ukun su cika yana zaryar kamun ƙafa. Ana iya yin sulhu da shigar da ƙara a lokaci guda. Sannan kafin a fara a tambayi lauya tambaya uku a rubuce: nawa za ta ci har ɗaukaka ƙara, shekara nawa, kuma in an ci, me za a riƙe a hannu.

Kuɗin gida

Wannan ne ainihin inda ake karyewa, kuma shi ne aka fi jin kunyar magana a kai. Babban muƙami yana ɓoye wa mutum tsadar rayuwarsa. Man mota ofis ke zubawa, direba da maigadi da kuku ofis ke biya, dizal ɗin janareta, tikitin jirgi, kuɗin asibiti, katin waya, duk suna bi ta wata hanya. Ga alawus ɗin tafiye-tafiye da na zama, waɗanda sau da yawa sun fi albashin kansa. Ranar da kujera ta tafi, kuɗin shiga ya yanke, kuɗin fita kuma ya ninka, domin abin da ofis ke ɗauka ya dawo aljihu.

A cikin mako biyu na farko a zauna da takarda da biro, da matar gida in ita ke riƙe da cefane, a fito da lissafin wata uku da suka wuce daga bayanan banki, ba daga ka ba. Lissafin da aka yi da ka yakan rage. A raba shi gida uku. Na farko abin da ba makawa: abinci, magani, haya, wuta da ruwa, makarantar yara, kula da iyaye. Na biyu abin da za a iya ragewa: yawan motoci da direbobi, awannin janareta, irin makarantar da ake biya. Na uku abin da kujera ce ta haifar da shi: ambulan ɗin biki da suna, kuɗin mota ga masu gaisuwa, gudummawar ƙungiyoyi, kujerun Umra da ake rabawa, tukunyar da ake ɗorawa saboda 'yan zaman ƙofar gida. Kashi na uku a tsayar da shi a ranar. Lissafin mai sauƙi ne: a ce gida yana cin naira miliyan 3 a wata, a hannu kuma akwai miliyan 24, wata 8 ke nan. In aka sauko da shi zuwa miliyan 1.5 tun watan farko, an sami wata 16. In aka jira wata 5 ana ɓoye wa mutane halin da ake ciki kafin a rage, abin da ya saura bai wuce na wata 6 ba. Burin shi ne a sami numfashin wata 12 zuwa 18, domin babban mutum ya fi ƙaramin ma'aikaci daɗewa kafin ya sami madafa: guraben da suka dace da shi kaɗan ne, kuma masu ɗauka suna jiran ƙura ta lafa.

Yara masu karatu a waje su ne ramin da ya fi zurfi. Tsakanin tsakiyar 2023 da farkon 2024 dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500, gidaje da yawa masu albashi ma suka jigata, balle wanda nasa ya tsaya. Wanda ya rage masa shekara ɗaya a yi ƙoƙari ya gama. Wanda ya fara yanzu, a yi masa maganar dawowa tun kafin a biya zango na gaba.

Wajen sayar da kadara kuma, yawancin mutane baibai suke farawa. Sukan sayar da fili ko shagon da ke kawo haya, su bar jibga-jibgan motoci a ƙofar gida saboda kada a ce an talauce. Mota tana cin mai da gyara da direba, kullum darajarta sauka take. Ita ce ta farko. Abin da ke kawo kuɗi shi ne na ƙarshe. Kuma kada a sayar cikin gaggawa ta hannun dillali ɗaya: da zarar an ji maigida ya matsu, farashin da za a taya ya faɗi. In akwai bincike a kan mutum, a tambayi lauya kafin a sayar da komai ko a sauya sunan mallaka, domin hakan yakan zama kamar ɓoye dukiya.

Akwai kuɗin da mutane ke mantawa suna da shi. A dokar fansho ta 2014, wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, ya kuma yi wata 4 bai sami wani ba, yana iya cirar kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunsa na fansho. Ana buƙatar takardar barin aiki, kuma a duba ko wurin aikin ya zuba kasonsa har watan ƙarshe, domin giɓi a nan yana riƙe biyan. Abin da ke banki kuma kada a tara shi wuri ɗaya. Inshorar hukumar NDIC, mai biyan masu ajiya in banki ya durƙushe, a bankunan kasuwanci naira miliyan 5 ce ga kowane mai ajiya, kuma waɗanda kuɗinsu ya wuce haka a bankin Heritage da aka soke lasisinsa a Yunin 2024 sun ɗanɗana jira.

Sai babban tarko: saurin neman abin da zai maye gurbin albashi. Mutumin da ya shekara 25 yana sa hannu a fayil yakan ɗauka kasuwanci ma umarni ne. Gonar kaji ce ta fi cin kuɗin sallama. Kaza mai ƙwai ba ta fara yi sai ta kai mako 18 zuwa 20, duk tsawon lokacin ci take ba ta kawo sisi. In ta fara, kaji 1,000 suna cin buhu 4 zuwa 5 na kilo 25 a kullum, abinci kuma shi ne kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da ake kashewa. Ga murar tsuntsaye, ga zafin Afrilu, ga yaran gona da ke fita da ƙwai ta bayan katanga in maigida sai Asabar yake leƙawa. Wanda bai taɓa yi ba ya fara da 200 ya ga shekara. Haka batun bin kwangila a ma'aikatar da ya bari: zai zuba nasa kuɗin ya yi aiki, fayil ɗin biya ya kwanta a teburin wanda a da yake miƙewa in ya shigo. Ga masu "zuba kaza ka kwashi ninki", daga MMM a 2016 zuwa CBEX a 2025, waɗanda suka fi son mai dunƙulen kuɗi da gaggawa a zuciya. Ga kuma 'yan siyasar da za su zo da daddare: "Yallaɓai, jama'a kai suke so, ka fito takara." Ƙa'ida mai kyau ita ce wata 6 na farko kada a zuba fiye da kashi ɗaya cikin goma na abin da ke hannu a kowace sabuwar harka. Sauran ya zauna inda ba ya ɓacewa, kamar takardun lamunin gwamnati, ko sukuk, wato irinsu na tsarin Musulunci, ga mai gudun kuɗin ruwa.

Mutanen gida da na waje

A faɗa wa iyali gaskiya a daren farko, kafin su ji a waje. Mata da manyan yara sukan ɗauki labari fiye da yadda ake zato. Abin da ba sa yafewa shi ne a bar su suna kashewa kamar da, sai ranar da aka koro yaro daga makaranta. 'Yan uwan da ake ɗauke wa nauyi su ma a gaya musu da wuri da adadi: "Kawu, ka san halin da ake ciki. Buhun da nake aikowa zai ci gaba, amma kuɗin watan sai na ga yadda hali ya yi, daga nan zuwa bayan salla." Ya fi kashe waya. Ma'aikatan gida da ba za a iya riƙewa ba a biya su haƙƙinsu cif, a nema musu wani wuri. Direba da maigadi sun san sirrin gida fiye da kowa, kuma wanda aka sallama da bashin albashi shi ne shaidar farko da abokin gaba zai samu.

Waya za ta yi shiru bayan mako biyu ko uku. Wannan yana yi wa manya zafi fiye da rashin kuɗi, kuma ɓata lokaci ne a zauna ana ƙirga wanda ya zo da wanda bai zo ba. Yawancinsu kujera suke gaisarwa, sun bi ta inda ta koma, wasu kuma tsoron a gan su suke yi saboda nasu abincin. Mutum uku ake buƙata: lauya, wanda ya san lissafin kuɗi, da aboki ko malamin da ya san mutum tun ba shi da komai, wanda zai iya ce masa "a nan kai ma ka yi kuskure."

Sai abin yi da safe. Wanda ya saba fita ƙarfe 7 ya dawo 9 na dare, in ya wayi gari ba inda za shi, cikin wata guda gidan zai yi masa ƙunci, shi ma ya ƙuntata wa mutanen gidan. Gowon makaranta ya koma, Jami'ar Warwick a Ingila, daga digirin farko har digirin digirgir a kimiyyar siyasa. Hotonsa yana bin layin abinci da faranti cikin ɗalibai ya tayar da ƙura a Najeriya, wasu suna ganin an zubar da girman ƙasa. A 1976 aka alaƙanta shi da yunƙurin juyin mulkin Dimka, aka tuɓe masa muƙaminsa na soja, sai zamanin Shagari aka yi masa afuwa. Duk tsawon wannan yana da aji da zai shiga da jarrabawar da zai rubuta. Malam Balarabe Musa da majalisar Kaduna ta tsige a Yunin 1981 gona ya koma, bai kuma bar siyasar PRP ba har rasuwarsa a 2020, kuma tsigewar ba ta sauya masa rayuwa sosai ba, domin tun yana gwamna bai ɗora wa kansa abin da sai gwamna ke iya ɗauka ba. Sarki Sanusi a shekaru huɗun da ya yi a waje karatun digirin digirgir ya yi a Landan. Ko wane iri ne, sharaɗinsa ya zama yana da lokaci tsayayye, kuma akwai mai jiran mutum a can: koyarwa, hadda a gaban malami, rubutu, aikin ba da shawara ga ƙananan kamfanoni.

Jiki

Hawan jini da suga sukan tashi a wannan lokaci, kuma daidai lokacin ne inshorar lafiyar ofis ke yankewa. A sayi na'urar awon jini ta dantse, a auna safe da yamma na mako guda a rubuta. In yana zama 140 bisa 90 ko sama, a ga likita, kada a tsaya ga tafarnuwa da zoɓo. Mai shan magani kada ya daina don tsimi. Karkacewar baki, mutuwar hannu ɗaya, ko sarƙewar magana, asibiti ne nan take, domin maganin narkar da gudan jini awa huɗu da rabi na farko yake aiki. In kuma aka yi mako biyu barci ya ƙi, abinci ya fita rai, mutum ya daina fita ko masallaci, ko ya fara cewa gara mutuwa, wannan ciwon damuwa ne kuma yana da magani. Akwai asibitocin Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Dawanau a Kano, da sashen da ke manyan asibitocin koyarwa. Addu'a da ganin likita ba kishiyoyi ba ne. Abin gudu shi ne ƙwayar barci daga kemis ba da takardar likita ba, wadda ake farawa da rabi a ƙare da uku.

Wani lokaci kuma ciwon ne ke zuwa mutum yana kan kujerar, kuma a nan kuskuren da aka saba yi shi ne ɓoyewa. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi Saudiyya jinya a Nuwamban 2009 ba tare da an miƙa wa majalisa takardar riƙo ba. Ƙasa ta yi sama da wata biyu ba a san mai sa hannu ba, sai 9 ga Fabrairun 2010 majalisa ta ayyana mataimakinsa a matsayin muƙaddashi. Abin da ya sa aka gyara sashe na 145 na tsarin mulki ke nan, aka sa wa'adin kwana 21 na miƙa takardar. Buhari da ya tafi Landan a 2017 ya aika takardar, Osinbajo ya riƙe, gwamnati ta ci gaba da tafiya duk da surutun da aka yi.

Wannan ya fi shafar 'yan kasuwa fiye da 'yan boko. A Kantin Kwari da Dawanau akwai harkokin ɗaruruwan miliyoyi da lissafinsu yake cikin kan mutum ɗaya: wa aka ba kaya bashi, wa ya kawo ajiya, wace mota ke hanya daga Legas ko Kwatano. In ya kwanta mako uku, masu bin sa bashi za su zo da takarda, waɗanda yake bi kuma su yi shiru. Gyaran ba shi da tsada. A ƙara mutum na biyu mai sa hannu a asusun kamfani, da iyakar abin da zai iya cirewa shi kaɗai. A yi takardar wakilci a wurin lauya da ta fayyace abin da wakili zai iya yi da wanda ba zai iya ba. A raba asusun shago da na gida. A buɗe littafi ɗaya na bashi da amana, kowane shafi da suna da adadi da rana da shaida, a riƙa sabunta shi duk ƙarshen wata, kwafi ɗaya a shago, ɗaya a gida, kuma mutum biyu su san inda yake.